Abin da Aka Raɗa wa Saba

Ƙarfe biyu saura a Asawase,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwo,
waya ta yi kuka karo na tara.
Hajiya Memuna ce, mai atamfa a Alabar:
"Hamdiya, na shiga, ya kore ni.
Na sake shiga, ya sake kora ta.
Adashena fa yana ciki."

Adashenki na nan, Hajiya.
Ƙofar ce ta rikice.

Na ɗora kwamfuta a cinya.
Saba tana can Adum, hawa na uku,
ni ina leƙen cikinta daga kan gado
ta baƙin allo mai fararen haruffa.
Kundi na zubo labari layi-layi:
mutum ɗari huɗu da sittin,
kowa ya yi sallama, an amsa,
an shimfiɗa masa tabarma,
kafin ya tanƙwashe ƙafa
an ce, "Malam, kai wane ne?"

Na zargi agogo, agogo yana daidai.
Na zargi rumbu, ko rabi bai kai ba.
Na zargi kaina,
na warware aikin da na tura ran Laraba
zare-zare, ban sami ƙulli ba.
Shayi ya huce. Sauro ya ƙoshi.

Sai na tambayi saba kai tsaye:
ina hatimin da kike buga wa baƙi a hannu
don ki gane su in sun juyo?
Na kira sunansa da manyan haruffa.
Ta miƙo min layi
fanko.

Ashe da magariba an ɗauke wuta a Adum,
janareto ya yi tari uku ya mutu,
saba ta suma, ta farfaɗo.
Abin da aka rubuta mata, ta tuna.
Abin da aka raɗa mata a kunne
ya bi duhu.
Masu gadinta biyu, da suka rasa hatimi,
kowa ya sassaƙa nasa,
wanda wannan ya shigar, wancan ya fitar.

Wa ya yi raɗar?
Kwabena, da ya koma Takoradi.
Na kira, kunya na cizo na.
Ya ɗauka da jariri na tsala kuka a kafaɗarsa,
Hausarsa ta Zango ba ta gushe ba:
"Ei, Hamdiya, da hannu na buga shi
ranar da muka kunna ta.
Na ce gobe zan rubuta."

Goben nan watanta takwas.

Ban yi faɗa ba. Kakana na tuna,
mai goro, huhu ɗari a ka, bashi ɗari a ka,
bai taɓa riƙe alƙalami a kan kuɗi ba.
Ranar da aka kai shi makwanci
kowa a kasuwa ya ce ya riga ya biya.

Tsohon hatimi ba ya dawowa.
Na ƙera sabo, dogo, marar ma'ana,
na rubuta shi inda saba ke dubawa in ta farka,
na kulle fayil ɗin.
Sannan da hannuna na kashe ta,
don in ga ko za ta tuna.

Daƙiƙa arba'in.
Na ji bugun jini a kunnena.

Ta tashi. Ta tuna.

Na bar wasiƙa ga wanda zai gaje ni,
layi biyar, har da inda na yi tuntuɓe.
A waje mai koko ta fara hura wuta,
turoturo na farko na kiran Kejetia.

Waya ta haska:
"Na shiga. Har yanzu ina zaune.
Ke kin ci abinci kuwa?"